Injin Sayar da Lemo: Farashinsa Daban, Kasafinsa Daban

Duk wanda ya taɓa kwanan jinya a babban asibiti ya san yadda ƙarfe biyun dare take. Masu tireda sun kulle, mai shayi ya kife tukunya, kai kuma kana neman ruwan roba guda ɗaya da majinyacinka zai haɗiyi magani. Da a lokacin za ka hango wani akwatin ƙarfe mai fuskar gilashi a jikin bango, fitila na haska kwalaben ruwa da lemo da biskit a cikinsa, ka biya, ka danna lamba, kaya ya faɗo, ba za ka tsaya neman ragi ba. Buƙatar gaskiya ce, shi ya sa ba na ganin laifin matasan 'yan kasuwar da suka fara sha'awar shigo da injinan sayar da kaya masu sarrafa kansu. Abin da ke damuna shi ne yadda ake yin lissafin. Mutum zai ga hoton inji, mai sayarwa daga Chaina ya ce masa dala 2,000, ya buga da farashin canji na ranar, ya ce jarin ke nan. Alhali wannan kuɗin, idan an bi diddigi, bai kai rabin abin da zai fita daga aljihunsa ba kafin kwalbar farko ta faɗo.

Injinan iri-iri ne. Akwai na busasshen kaya kawai, irin su biskit da gyaɗa da cincin, wanda ba shi da sanyi, don haka ya fi araha kuma ba ya shan wuta. Akwai na lemo da ruwa, wanda a zahiri firji ne da aka ɗora wa ƙwaƙwalwa. Akwai mai haɗa biyun, shi ne wanda aka fi nema. Sai na shayi da kofi, mai buƙatar ruwa mai tsabta da wanki kullum, wanda ba na ba mai farawa shawarar ya kusance shi. A masana'antun Chaina, musamman na Guwanzu da na Changsha inda kamfanin TCN mai ƙera irin waɗannan injina yake, inji mai haɗa lemo da biskit galibi yana kamawa tsakanin dala 1,000 da 3,000, gwargwadon girmansa da ko yana da allon taɓawa. Sabbin injinan Amurka da Turai sun ninka haka. Zan riƙe dala 2,000 a matsayin misali, kuma duk alƙaluman naira da zan yi lissafi da su a ƙasa na misali ne, kowa ya cire su ya saka na ranar da yake lissafi.

Kafin mu shiga kuɗi, ya kamata a fahimci inda sana'ar ta yi ƙarfi da dalilin ƙarfinta. A Japan akwai injinan nan kusan miliyan 4, wato kusan inji ɗaya ga kowane mutum 30. Suna tsaye a bakin titi, a tashar jirgin ƙasa, har a ƙauyukan da ba kanti. Abu uku ya tsayar da su: ladan ma'aikaci yana da tsada ƙwarai, wutar lantarki ba ta yankewa, kuma mutane suna yawo da silalla masu daraja, har akwai sile guda na yen 500. Ga kuma ƙarancin masu fasa kayan mutane. To a Kano ko Kaduna ko Sakkwato duk ukun a juye suke. Yaron shago yana da sauƙin samu, wuta sai an yi mata tanadi, silalla kuwa an daina karɓarsu tun tuni. Abokin gogayyar injinka ba wani injin ba ne. Mai tebur ne da kular ƙanƙara a bakin ƙofa, wanda ba ya biyan kuɗin wuta, yana ba da canji, yana ba da bashi, ya kuma san sunan kwastomansa. Duk kasafin da bai fara daga nan ba, ya fara daga wurin da bai dace ba.

Mu ɗauko injin daga masana'anta. Farashin da ake turo maka galibi na a-kai-maka-bakin-jirgi ne a can Chaina, abin da takardu ke kira FOB. Daga nan komai naka ne. Dala 2,000 a kan naira 1,500 ta zama naira miliyan 3. Amma wace rana za ka biya? Masana'antu sukan karɓi kafin alƙalami, misali kashi 30 cikin 100, su ƙera, sannan ka cika kafin a loda. Tsakanin biyan farko da ranar da kaya zai fito daga tashar jirgin ruwa ana iya cin wata uku. Wanda ya yi odar kaya a watan Mayun 2023 ya san abin da wata uku ke iya yi: dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Kuma harajin kwastan ma da farashin canji ake lissafa shi. Saboda haka duk abin da za a biya da dala, a rubuta shi da dala a kasafi, a kuma ɗora masa wani abu na ko-ta-kwana.

Injin ba ƙaramin kaya ba ne. Tsawonsa ya kusa mita 2, nauyinsa yakan kai kilo 250 zuwa sama da 300, idan an yi masa akwatin katako sai ya cinye fiye da kubik mita 2 a kwantena. Mai inji ɗaya ba zai ɗauki kwantena sukutum ba, sai dai ya shiga haɗaka. Hanya biyu ce. Ko ka bi ta 'yan kago, waɗanda ke karɓar kuɗi a kan kowane kubik mita su sauke maka a Legas ko Kano da komai a ciki, ko ka shigo da shi da sunan kamfaninka, ka buɗe Form M a banki, wato takardar bayyana kayan da za ka shigo da su, ka nemi takardar SONCAP ta hukumar kula da ingancin kaya, kwastan su fitar maka da PAAR, wato takardar kimanta harajin kayan kafin isowarsu. A hanya ta biyu lambar kayanka a kundin haraji tana ƙarƙashin 8476, ita za ka ba ejan ya duba maka ajin da ta faɗa cikin azuzuwan harajin ECOWAS na kashi 0, 5, 10, 20 da 35. A 2024, a kan harajin akwai ƙarin kashi 7 cikin 100 na shi kansa harajin, da rabin kashi ɗaya na ETLS, wato harajin tsarin ciniki na ECOWAS, sannan harajin VAT na kashi 7.5 ya hau kan jimillar. Ga ladan ejan, ga kuɗin tasha, ga kuɗin jinkiri idan takarda ta maƙale. A misalinmu mu sa dakon ruwa naira 750,000, haraji da fito da kaya kuma miliyan 1 da 200,000.

Daga Legas zuwa Kano tafiyar sama da kilomita 1,000 ce, kuma wannan kaya ne mai gilashi da kwamfireso, dole ya yi tafiyar a tsaye, ba a kwantar da shi. Idan ya iso a bar shi ya huta wasu sa'o'i kafin a jona, kamar yadda ake yi wa sabon firji. Mu ce naira 300,000 har da masu saukewa. A auna faɗin ƙofar da zai shiga tun kafin a yi oda. Ƙaramar magana ce, amma fasa bango ba ya cikin kasafin kowa.

Akwai masu cewa me ya sa ba za a sayi na hannu daga Amurka ba, tunda can ana samunsu da araha. A nan nake cewa a yi hattara. Wutar Amurka bolt 120 ce mai bugun 60 a daƙiƙa, tamu 230 ce mai bugun 50. Taransifoma za ta gyara maka ƙarfin wutar, amma ba ta gyara bugun, kwamfireson da aka ƙera don can kuwa yana wahala a nan. Ga shi bakin karɓar kuɗinsa dala ya sani. Kafin ka gama sauya wannan da wancan, arahar ta gudu, ka kuma tashi da tsohon inji da ba mai ba ka garanti. Araha ba ta ado.

Yanzu ga inda kasafin mutane da yawa ke karyewa: wuta. Mai firiza a shago idan an ɗauke wuta, ƙanƙarar da ta kama za ta riƙe masa sanyi, shi kuma yana zaune yana ciniki. Inji idan an ɗauke wuta ya mutu gaba ɗaya. Ba sanyi, ba haske, ba karɓar kuɗi, ba sakin kaya. Dalilin sayensa shi ne ya yi ciniki lokacin da mutum ba ya nan, to ga shi ya kwanta a daidai wannan lokacin. Saboda haka tambayar farko ga mai wurin da za ka ajiye injin ita ce: awa nawa kuke samun wuta, kuma idan an ɗauke, layin da zan jona yana kan janareto ko sola? Idan amsar ta yi daɗi, ka tsira da sitabilaiza mai kyau da 'yar na'urar da ke jinkirta tashin kwamfireso bayan an dawo da wuta. Idan ba ta yi daɗi ba, sai inbata da batura, wataƙila da faifan sola. Kuma ba a auna inbata da abin da injin ke sha yana tafiya. Kwamfireso a lokacin tashi yana fizgar wuta ninki da yawa na abin da yake sha a zaune, ƙaramar inbata za ta riƙa yankewa. Na sa miliyan 1 da rabi a wannan layin na kasafi, na kuma san akwai wurin da ba za ta isa ba.

Ko wutar gwamnati ma yanzu ba kyauta ba ce. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga farashin masu rukunin Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, daga kusan naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauto zuwa sama da 200 kaɗan. Wuraren da inji zai yi ciniki, manyan asibitoci da jami'o'i da kantunan zamani, yawanci a wannan rukunin suke. Idan injin yana shan yunit 6 a rana, a wata ya sha 180, a kan naira 210 kuwa kusan 38,000 ke nan. Tsofaffin injina suna shan fiye da haka nesa ba kusa ba. Sannan zafinmu yana ƙara masa aiki. Firjin gida ma aji-aji ake ƙera shi: mai alamar N an yi shi don zafin da bai wuce digiri 32 ba, ST 38, T kuma 43. A Kano daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura 40. Ka sa masana'anta ta rubuta maka iyakar zafin da injinta ke jurewa, a takarda, ba a baki ba. Idan hunturu ya shigo kuma ƙura ce za ta toshe ragar da ke fitar da zafi, wadda in ba a share ta akai-akai, kwamfireso ne zai biya.

Sai maganar karɓar kuɗi, wadda a ganina ita ce mafi sarƙaƙiya, ita ce kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ramin silalla a Najeriya ado ne kawai. Babban Banki ya sake fito da silallan kwabo 50 da naira 1 da naira 2 a 2007, kasuwa ba ta karɓe su ba. Bakin karɓar takardar kuɗi kuma yana son takarda miƙaƙƙiya mai tsabta, ka san kuwa halin naira 200 da ta zaga kasuwar Kurmi ta biya ta hannun mai ƙosai. Ƙananan kuɗinmu daga naira 5 zuwa 50 na leda ne, manya na takarda, sannan tun sauyin fasalin da aka sanar a Oktoban 2022, naira 200 da 500 da 1,000 kowacce tana da tsohuwa da sabuwa, kuma Kotun Ƙoli ta ce duka a ci gaba da karɓa. Dole a koya wa na'urar dukansu. Ko ta koya, da me za ta ba da canji? Wannan matsalar ba tamu kaɗai ba ce. Da Japan ta fito da sabbin takardun yen a ranar 3 ga Yulin 2024, injinan lemo da yawa ba su gane su ba, masu su suka shiga kashe kuɗin sauya na'ura. A Nijar abin ya ɗan bambanta, domin a Maraɗi da Damagaram har yanzu silallan sefa na dala goma da dala ashirin da dala ɗari (dalar can sefa biyar ce, ba ta Amurka ba) suna aiki, sefa kuma a ɗaure take da yuro, don haka mai lissafi a can bai da fargabar canji irin tamu.

A Najeriya ra'ayina shi ne a manta da tsabar kuɗi gaba ɗaya. Wahalar kuɗin da aka sha a farkon 2023 ta koya wa mai kayan miya ma karɓar tiransifa, OPay da Moniepoint sun shiga kowane lungu. Inji marar kuɗi a ciki kuma ya rage wa ɓarawo kwaɗayi. Amma a nan akwai tarko. Injin da ya fito daga Chaina an saita shi ne da WeChat Pay da Alipay, waɗanda kwastomanka ba shi da su. Ana buƙatar wata 'yar na'ura ko manhaja da za ta tsaya tsakanin injin da kamfanin karɓar kuɗi na gida, ta ga kuɗi sun shigo, ta ce wa injin ya saki kaya. Harshen da yawancin injina ke magana da na'urorin biyan kuɗi shi ake kira MDB. Ka tabbatar naka yana jin sa, ka kuma samu wanda zai yi maka haɗin tun kafin ka tura dala ɗaya. Sayen inji sannan a fara neman mai haɗawa cinikin biri a sama ne. Mu sa naira 300,000 a nan, ban da kamashon da kamfanin karɓar kuɗi ke cira a kowane ciniki, wanda yakan kama wajen kashi 1.5 cikin 100, da kuɗin data na layin da ke cikin injin.

Kuma a yi tunanin ranar da sabis ya yi rauni. An cire wa mutum naira 500, lemo bai faɗo ba, ba kowa a wurin da zai yi wa magana. Idan ba lambar waya a jikin injin, kuma ba wanda zai ɗauka ya mayar masa da kuɗinsa nan take, wannan mutumin ba zai sake dawowa ba, zai kuma gaya wa duk wanda ke ɗakin jinyar. Injinan kirki suna da idon da ke gane ko kaya ya faɗo. Kada a yi rowar kuɗinsa.

Wurin ajiyewa ba kyauta ba ne. Wasu masu wuri haya suke so, galibi ta shekara a dunƙule, wasu kaso daga ciniki. Ga mai farawa kaso ya fi sauƙi, domin ranar da ba ciniki ba biya, amma mu ɗauka haya ce ta naira 20,000 a wata, 240,000 a shekara. Sai keji ko ƙarfen kariya, da kyamara, da ɗaure injin a bango. Ɗaurin nan ba don ɓarayi kaɗai ba ne: inji mai nauyin kilo 300 idan yaro ya jijjiga shi don biskit ya maƙale, yana iya rikitowa kansa, an kuma sha rasa rayuka ta haka a ƙasashen da injinan suka yawaita. Naira 250,000. Kayan cikawa na farko da na ajiya, duk masu lambar NAFDAC, wata 250,000. Kayan gyara da ya kamata su zo tare da injin a akwati ɗaya, wato 'yan motocin da ke juya waya mai murɗi da ke turo kaya su faɗo, da allon ƙwaƙwalwa na ajiya, da fanka, haɗe da ɗan kuɗin ko-ta-kwana, 400,000. Mai gyaran firji na unguwa zai iya da ɓangaren sanyi, amma idan allo ya ƙone ba a Sabon Gari za ka same shi ba, jiran sabo daga Chaina kuwa makonni ne na rashin ciniki.

A tara: miliyan 3, da 750,000, da miliyan 1 da 200,000, da 300,000, da miliyan 1 da rabi, da 300,000, da 240,000, da 250,000 sau biyu, da 400,000. Jimilla naira miliyan 8 da 190,000. Injin da aka ce miliyan 3 ne bai kai kashi 40 cikin 100 na kuɗin ba.

Wannan rabin lissafi ne, kuma shi ne rabi mai sauƙi. Ɗaya rabin shi ne: yaushe kuɗin zai dawo? Mu ce kana saro lemo a kan naira 350 ka sayar 500. Bayan kamashon masu karɓar kuɗi, ribar kwalba ta tsaya wajen 140. Kuɗin da ke fita kowane wata ko an yi ciniki ko ba a yi ba: wuta 38,000, haya 20,000, data da manhajar da ke nuna maka abin da ya ƙare 10,000, zirga-zirgar mai cikawa 25,000, gyare-gyare da kayan da wa'adinsu ya wuce 20,000. Jimilla 113,000. Raba ta da 140, za ka ga sai injin ya sayar da abu 27 a kowace rana kafin ya biya kuɗin zamansa kawai. Ka lura kuma wannan 113,000 ta zarce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Wato injin da ake cewa ba ya karɓar albashi ya fi yaron shago tsada.

Idan yana sayar da 40 a rana, ribar wata 168,000 ce, a cire 113,000, saura 55,000. Da wannan sai ka yi kusan shekara 12 kafin uwar kuɗi ta dawo, kafin nan ka sauya batura fiye da sau ɗaya, kwamfireso ma ya gaji. Idan yana sayar da 100 a rana, ribar ta zama 420,000, kuɗin fita ya ɗan ƙaru zuwa 135,000 saboda yawan zuwa cikawa, saura 285,000, jarin ya dawo cikin ƙasa da shekara biyu da rabi. Inji ɗaya ne, farashi ɗaya, haraji ɗaya. Bambancin shekara 12 da shekara biyu da rabi duk daga bangon da aka jingina shi ya fito. Shi ya sa nake ganin ɓata lokaci ne mutum ya kwashe mako uku yana ja-in-ja da masana'anta a kan ragin dala 100, alhali bai taɓa tsayawa awa ɗaya a wurin da zai ajiye injin yana ƙirga masu wucewa ba.

Kuma shekara ba wata 12 iri ɗaya ba ce. Da sanyin Disamba da Janairu ruwan sanyi ba ya tafiya. Da azumi cinikin rana yana mutuwa, sai bayan shan ruwa ya farfaɗo, idan kuwa injin a ofis yake da ake tashi ƙarfe huɗu, watan ya tafi. Jami'a wuri ne mai kyau a ido, dubban matasa, kowa da waya a hannu, amma akwai hutu, akwai kuma yajin aiki. Na ASUU a 2022 ya fara 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, wata 8 cur. Wanda ya biya hayar shekara a ɗakin kwanan ɗalibai a waccan shekarar ya biya kuɗin zaman inji a gini marar kowa. Asibiti da tashar jirgin sama da masana'anta mai aikin dare sun fi tsayayyen ciniki. Ni a lissafina wata 10 nake ɗauka shekara, ragowar biyun in suka kawo wani abu, alhamdu lillahi.

A kan hanyar samun jarin ba zan tsawaita ba, domin alƙalami ya riga ya yanke hukunci. A Nuwamban 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ba ƙananan 'yan kasuwa. Bashin miliyan 8 a kan kashi 30 yana nufin naira 200,000 kowane wata kuɗin ruwa kaɗai, ba a taɓa uwar bashin ba. Injin mai sayar da 40 a rana ba zai iya ba, mai sayar da 100 ma aikin banki zai riƙa yi. Ga wanda ke gudun riba saboda addini, bankunan Musulunci irin su Jaiz da TAJ suna da tsarin murabaha, inda banki ke sayen kayan ya sayar maka da ƙayyadadden ƙari ka biya kaɗan-kaɗan. Ya warware maganar halasci, ya kuma sa ka san adadin da ke kanka tun ranar farko, amma ƙarin nan dole shi ma ya shiga jerin kuɗin wata, a sake raba shi da 140 a ga kwalba nawa ya ƙara.

Wani abin da lissafin ke nunawa shi ne inji ɗaya tal ya fi kowane tsada. Mai cikawa ɗaya zai iya zagaya injina biyar a rana, haɗin manhaja sau ɗaya ake yin sa, kayan gyara saiti ɗaya ya ishi da yawa, dako ma ya fi sauƙi a kan kowane inji idan sun cika kwantena. Wannan yana jan mutum ya ce bari in shigo da biyar a tashi ɗaya. Ban goyi baya ba. Na farkon makaranta ne, a jikinsa za ka gane ko haɗin biyan kuɗin yana aiki, wane kaya ke tafiya, sau nawa waya mai murɗi ke riƙe leda. Amma tun a kasafin farko ka rubuta cewa na biyu da na uku daga masana'anta ɗaya za su fito, don kayan gyaransu su zama ɗaya.

To ta ina za a fara? Daga ƙarshen lissafin, a dawo baya. Ka nemi izinin mai wurin, ka sa yaro da kula da ƙanƙara a daidai inda injin zai tsaya, na mako biyu, a farashin da injin zai sayar, tiransifa kawai ba tsabar kuɗi, kuma a sa'o'in da kake sa ran injin zai fi aiki, har da dare. Ya rubuta kowane ciniki da lokacinsa. Gwajin ba zai ci maka naira 100,000 ba, kuma yawancinta za ta dawo ta hanyar cinikin. Abin da littafin yaron ya nuna, ka rage masa wani abu, domin akwai waɗanda za su saya a hannun mutum amma su ji nauyin tsayawa gaban inji. Ka mayar da ragowar ta zama cinikin wata guda, ka buga ta da ribar kwalba, ka cire kuɗin wata, ka buga abin da ya saura da adadin watannin da za ka iya jira, misali 30. Abin da ya fito shi ne iyakar kuɗin da wannan wurin ya cancanci a kashe masa, inji da dako da haraji da batura duka a ciki. Idan ya fito miliyan 8, ka kira Guwanzu. Idan ya fito miliyan 2, wurin firiza yake so da yaro mai amana.

Idan kuma wurin ya ci jarrabawa, kafin ka tura kafin alƙalami ka zauna da mai shi a rubuta yarjejeniya: shekara nawa, wa ke biyan wuta kuma da wace mita za a auna, wa ke da alhaki idan an fasa gilashi, da sanarwar wata nawa za a ba ka idan ana son ka tashi. Sannan layi ɗaya da aka fi mantawa da shi, cewa muddin injinka na nan ba za a ba wani izinin kafa teburin lemo da kular ƙanƙara a wannan barandar ba.